Ruwa Ba Ya Tsallake Maƙwabci

Ni ɗan fari ne, saboda haka babana bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma saba yi mini magana ido da ido ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka al'adar gidanmu take a Wurno. In yana son buta, sai ya dubi wanda ke kusa ya ce, "A gaya ma wancan shi kawo buta." In babu kowa a kusa, jakinsa ma ya isa ɗan aike. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, ƙanwarsa. Ita ta goya ni, ita ta yi jinyar ƙyandata, ita ta bi jirgin kwalekwale da kuka ranar da aka tafi da ni makarantar boko. In aka ce uwa, ita nake fara gani a zuciyata.

Na dawo gida a ƙarshen zamanin Turawa, da ɗan gemu da fensir a bayan kunne, aka ba ni aikin malamin ruwa a ƙarƙashin wani Baturen injiniya. A shekarar ne aka gama ganuwar da ke tare ambaliyar gulbin Rima, aka jawo babban lambatu zuwa fadamarmu don noman rani. Ganuwar ta bi ta kan tsofaffin rijiyoyin da mutane ke ban ruwa da jigo, ta binne su duka. Mutane sun yi gunaguni, ni kuwa na bi su zaure zaure ina cewa su kwantar da hankalinsu, ruwa zai zo har cikin fangali ba tare da kowa ya ja guga ba. Goggo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata lambu a can ƙarshen jerin lambunanmu, ta ɗauki maganata kamar yankan wuƙa. Ta cika lambun nan da dashen albasa tun daga wannan iyaka har waccan, tana shayar da shi da tulu daga wani ɗan tafki da ke ƙafewa kullum.

Lambunan jerinmu a layi ɗaya suke, matse tsakanin ganuwa da tudu, kowanne ya ɗan fi na gabansa tsayi. Ruwa zai shiga na farko, ya kwanta a fangalinsa, ragowar ta bi ta wata kafa a iyaka ta faɗa na biyu, haka har ƙarshe. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun kakanni, maganar ruwa tsakanin maƙwabci da maƙwabci ake yin ta. Ba ka tsallake na kusa da kai ka je ka yi magana da na gaba da shi. In ruwa ya isa ƙarshen jeri kuma, na ƙarshe zai kira na samansa ya ce, "Ya kai," shi ma ya kira na samansa, baki da baki har maganar ta hau zuwa inda ruwan ya fito.

Da Baturen ya koya mini lissafin da ake fitar da girman kowace kafa, dariya ta kusa kama ni, don al'adarmu ce ya zuba a takarda. Ana zana jadawali, kowane lambu da layinsa. A kowane layi lambobi uku ne kawai: na mai lambun, na maƙwabcinsa na sama, da na maƙwabcinsa na ƙasa. Sauran gidajen duk sifili. In ka ɗaga takardar ka duba, sai ka ga lambobin sun gangaro daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar igiyar jakar da aka rataya ta gicciye ƙirji. Ba a warware shi gaba ɗaya. Raba shi ake yi gida biyu, na sauka da na hawa. Ka fara daga sama, ka narkar da layi na farko cikin na biyu, na biyu cikin na uku, kowane mataki ya bar maka lamba ɗaya da nake kira turke. In ka kai ƙarshe ka sami amsar na ƙarshe, sai ka juyo kana hawowa, amsar kowa tana ba ka ta na samansa.

Baturen yana da doka ɗaya da yake buga lofensa a tebur in zai faɗe ta. Kada wata lamba ta faɗi ƙasa da sifili. Ya ce muddin kowane turke yana sama da sifili, kuma babu inda aka yanke mahaɗi tsakanin maƙwabta biyu, to ko ƙwarya ɗaya ka ƙara a bakin lambatu, sai kowa ya sami ɗigonsa har na ƙarshe. Amma in mahaɗi ɗaya ya zama sifili, jadawalin ya tsinke biyu ke nan, duk na ƙasa ba su da komai. Tun yana faɗa na san inda mahaɗin jerinmu ya tsinke, kuma a gidanmu ne.

Lambun babana yana tsakiyar jeri, na ƙasa da shi kuwa na Baffa ne, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Ina ƙarami aka yi wata shekarar ambaliya. Ruwa ya cika gonar babana, shinkafarsa ta kusa nuna, hanyar fitarsa ɗaya ce, ta kafar da ke iyakarsu. Baffa ya ji tsoron tasa shinkafar, ya toshe kafar da laka. Ruwa ya kwanta a kan ta babana har ta ruɓe. Babana ya tsaya a iyakar nan a gaban mutane ya rantse da Allah cewa ruwan da ya kwanta a gonarsa ba zai ƙara shiga ta ƙanensa ba. Tun daga ranar ba su sake haɗa ko sallama ba. A masallaci in wannan ya tsaya dama, wancan ya nemi hagu. Muddin kowa na da rijiyarsa, rantsuwar ba ta ci kowa ba, mutane har sun mai da ita abin hira. Yanzu rijiyoyi suna ƙarƙashin ganuwa, kuma duk wanda ke ƙasa da babana, har Goggo, ta wannan kafar ruwansa zai bi.

Maƙwabcin babana na sama wani tsohon masunci ne da ciwon ƙugu ya raba shi da komar kamun kifi, mai barkwanci, ba ya jin nauyin kowa. Shi na roƙa ya zama bakina. Muka iske babana yana ciyar da jakinsa a gindin ganuwa. Na durƙusa can gefe, masuncin ya zayyana masa komai.

Babana ya gama ji, ya dubi jaki. "A gaya ma mai hensir na ji. Da bakina nir rantse, ba da bakin aro ba."

"Haba Malam," in ji masuncin. "Mahaihinku ko kaza ba ya kora da hushi. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba."

Babana bai yi dariya ba. Ya kwance jakinsa ya wuce.

Na je wurin liman, shi ma ya taka da kansa har zaurenmu bayan la'asar. Ya jawo abin da littafi ya ce, cewa wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ina tsugune a waje ina jin komai ta ƙofa.

"Allah shi gafarta malam, na san kaffara tun ba a haihi wancan ba," in ji babana. "Amma in mutum na fansar maganatai da tuwo, gobe mi za ya ba mutane su riƙe?"

Liman ya yi ta ja, babana ya yi ta "haka na, haka na," bai motsa ko taku ɗaya ba. Na ji haushinsa a ranar, haushi mai ɗaci, irin wanda ba ka da bakin faɗa. Na kuma ji tsoro, don Baturen ya riga ya gaya mini cewa ranar Asabar zai saki ruwa. In jerin bai haɗu ba, zai tsayar da shi a lambun babana, ya juya ragowar zuwa wani jeri da ke jira ta wajen Rabah. Ba mugunta yake yi ba. Ruwan ba ya isa a bar shi yana jiran mutane biyu su shirya, can ma akwai masu dashe a ƙasa.

Baffa ban ma nemi komai a wurinsa ba, don ba shi ya rantse ba. Na gan shi dai yana kai da kawowa da tulu a kafaɗa, ya rame, in mun haɗu ya sunkuyar da kai. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma wannan karon har da bakin waɗanda ba su ɗebo ba.

Goggo na iske ta a lambu da hantsi, zanenta ya jiƙe da laka har gwiwa. Tafkin ya koma taɓo, sai ta tona rami ta jira ya tsatso kafin ta sami rabin tulu. Ganyen albasar ya fara kwantawa a gefen da rana ta fi duka.

"Ɗana, mi takardakka tac ce?"

Na fara kame-kame, ina cewa ana nan ana dubawa.

"Kak ka yi mani maganab boko. Ni nig goye ka. Ruwa na zuwa ko ba shi zuwa?"

"Ban sani ba, Goggo."

Ta dube ni, ta gyara gammonta. "To. Kak ka yi hushi da Yaya. Haka yat taso, ko da muna yara in yac ce ba shi cin tuwo, sai shi kwana da yunwa." Ta ɗauki tulunta ta koma ramin. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Daga nan dabara ta zo mini. A gindin ganuwa akwai wani siririn fili na hukuma, ba na kowa ba. In aka haƙa ƙaramin lambatu a nan, ruwa zai fito daga lambun masunci ya rabu biyu, ɗaya ya shiga na babana ya tsaya can, ɗaya ya kewaye shi ya faɗa na Baffa. Ba ruwan da ya kwanta a gonar babana ke nan ba. Na garzaya na gaya wa Baturen. Ya cire lofe ya ce, da Hausarsa ta littafi, "Ka tsallake maƙwabci. Igiyarka ta yi faɗi, lambobi sun ƙaru a layi. Alkawarin da na yi maka na jeri ne mai hannu cikin hannu. Wannan kuwa, sai ka lissafta ka gani."

Na zauna a barandar ofis tun sanyin safiya. Na auna zurfin da lambatun zai yi, na sa irin ƙasar wurin, wadda rairayi ya yi mata yawa. Na sauko layi layi, turke na farko lafiya, na biyu lafiya, har ƙasa. Na juyo ina hawowa. Goggo ta sami ruwa, na samanta ya samu, Baffa ya samu. Da na zo layin babana, lambar da ke haɗa lambunsa da sabon lambatu ta fito da alamar ragi a gabanta. Na goge na sake. Na fere fensir na sake daga farko. Tana nan, ƙaramar sandar nan kwance a gaban lamba, ba ta da niyyar tashi.

Ma'anarta a fili take. Don lambatun ya kai ruwa ga Baffa, dole ya fi fangalin babana zurfi. Duk ruwan da babana ya zuba wa albasarsa, wani kaso zai tsatsa ta cikin rairayi ya koma lambatun, ya bi shi ya sauka. Baturen ya duba, ya ce ba ya sa hannu a kan ruwan da ke tafiya da baya, don irin wannan tsatsar ita ke cinye gefen lambatu har ya rufta a gindin ganuwa. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Ruwan da ya kwanta a gonar babana zai shiga ta ƙanensa ke nan, ta ƙarƙashin ƙasa. Na kewaye rantsuwar, ta sha gabana.

Da na gaya wa masuncin, ya kama haɓa. "Kai ko, wa ka ganin ruwa ƙarƙashin ƙasa? Ka yi kurum mana."

Na ce ko na yi kurum Baturen ba zai sa hannu ba. Ban da haka, mutumin da ya ƙi kaffarar da liman ya halatta masa, in na sa shi ya karya rantsuwa bai sani ba, ban san da wane ido zan ƙara dubansa ba. Masuncin ya ce shi dai kifi ya sani, kuma ko kifi bai kai mutanen gidanmu ƙaya ba.

Ranar Juma'a da safe muka koma. Babana yana tsakiyar lambunsa, yana yayyafa wa dashensa ruwa da ƙwarya, don shi ma da tulu yake ɗaukowa. Albasarsa ta fi ta kowa kyau a jerin, ya kuma san haka. A kanta gidanmu zai ci har damina. Na durƙusa a kan iyaka da takardata, na yi magana ina duban masuncin, shi kuma yana maimaitawa, ko da yake babana yana jin kowace kalma daga bakina. Na faɗi lambatun, na faɗi zurfinsa, na faɗi alamar ragin da abin da take nufi. Ban rage komai ba. Na ƙare da cewa gobe za a tsayar da ruwa a nan, na ƙasa duka za su rasa.

"A tambaye shi," in ji babana, yana duban ƙwaryar hannunsa, "ita wagga tsatsa, ba a iya toshe ta?"

Na ce ba a iyawa, sai da siminti, shi kuwa babu shi a kusa, kafin ya iso daga Sakkwato dashe ya mutu.

Can ƙasa ina hango Goggo, ƙarama kamar tsuntsuwa, tana sunkuye a bakin raminta. Babana ma can yake kallo. Masuncin ya yi gyaran murya. Sai babana ya ajiye ƙwaryar, ya juyo, ya dube ni. Ni ya duba, ba masunci ba, ba jaki ba.

"In ban sha ba hwa?"

Ban gane ba da farko, don kunnena bai saba da muryarsa tana nufo ni kai tsaye ba.

"In anka toshe kahata ta sama. Ko ɗigo kak shi shigo nan. Mi lissahinka za ya ce?"

"Baba, albasarka..."

"Ba ita nit tambaye ka ba."

Na ɗora takardar a gwiwa. Na ciro fensir daga bayan kunne. In ruwa bai kwanta a lambunsa ba, babu abin da zai tsatsa. Masunci ya zama maƙwabcin Baffa ke nan, hannu cikin hannu, lambobi uku a kowane layi kamar da. Na rufe layin babana da yatsa na sauko. Na juyo na hawo. Kowane turke ya tsaya sama da sifili, babu ragi ko ɗaya. Rabon Goggo ma har ya ƙaru, don abin da babana zai sha ya gangara ƙasa. A duk aikina ban taɓa fitar da lissafi mai tsabta irin wannan ba, ban kuma taɓa ƙin wani lissafi kamarsa ba.

"Ya fita," na ce.

"To a haƙa." Ya ɗauki ƙwaryarsa, ya kife ta a kan tulu. Ya dubi masuncin. "A gaya mai shi tashi, rana na yi."

Baturen ya karanta takardar a tsaye. Ya tambaye ni ko mai lambun ya san abin da zai rasa. Na ce ya sani. Ya tambaya ko an matsa masa. Na ce wanda zai iya matsa wa mutumin nan ba a haife shi ba. Bai san babana ne ba, ni kuma ban gaya masa ba. Ya miƙo mini rula ya ce in soke layin don kada mai haƙa ya rikice. Na aza rular, na ja fensir daga wannan gefe zuwa wancan.

Mutanen ƙasan jeri suka fito da fatanya da kwanduna bayan an sauko daga masallaci, ba su bar wurin ba sai da lambatun ya haɗu. Babana da kansa ya kwaɓa laka ya toshe kafarsa ta sama, ya daddanna ta da ƙafa.

Ranar Asabar aka ɗaga ƙyauren babban lambatu. Kowa yana tsaye a lambunsa. Na biyo ruwan da ƙafa, yana tura tsinke da busasshen ganye a gabansa, ya cika na farko, ya faɗa na biyu. Da ya fito daga na masunci ya shiga sabon lambatu, na kasa ci gaba. Na tsaya a kan ganuwa daidai lambun babana. Yana tsaye a tsakiyar fangalinsa, ya ba sabon lambatun baya, ruwa yana wucewa kusa da shi har ana jin sanyinsa. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta fara tsagewa, ganyen albasar da bai sha ba tun jiya ya sunkuya.

Muka jira. Ban san tsawon jiran ba. Ina ta sake lissafin a kaina, ina neman inda na yi kuskure. Sai can daga ƙarshen jeri na ji wata siririyar murya, muryar da ta yi mini waƙar reno.

"Ya kai!"

Na samanta ya karɓa ya miƙa. Na gaba ya karɓa. Maganar tana hawowa lambu lambu, har ta iso wurin Baffa ta tsaya. Na ga masuncin ya kara hannu a kunne, amma tsakaninsa da Baffa akwai faɗin lambu guda, ga shi kunnen ya tsufa. Kuma ba a tsallake maƙwabci. Duk jerin ya yi tsit, kowa ya san a kan wa maganar ta tsaya.

Baffa yana tsaye cikin ruwa har idon sawu. Ya taka zuwa iyakar nan, daidai inda ya taɓa toshewa da laka, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Yaya," ya ce, muryarsa a dushe. "Ya kai."

Babana bai juyo ba, bai amsa masa ba. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga ta sauka. Sannan ya fuskanci sama, wajen masuncin, ya kara hannu a baki, yana tsaye a cikin busasshen lambunsa.

"Ya kai," ya ce.